Michael Collins nawa ne a duniya?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Ku taya ni ji, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. An ba Khalifa aikin gida, ya rubuta taƙaitaccen tarihin mutum ukun da suka yi tafiyar farko ta sauka a duniyar wata. Na Armstrong ya yi daidai, na Aldrin ya yi daidai. Da ya zo kan na ukun, ga abin da yaron nan ya rangaɗa da hannunsa: wai an haifi Michael Collins a Ayalan a 1890, ya yaƙi Turawan Ingila, aka harbe shi ya mutu a 1922, sannan ya tafi duniyar wata a 1969. Na ce Khalifa, mutumin da ya shekara 47 a kabari ne ya tashi ya tuƙa kumbo? Ya ce shi dai abin da waya ta nuna masa ke nan. Na karɓi wayar na duba da kaina, sai ga Michael Collins jere kamar layin mai. To wane ne mai sunan na ainihi?

Ɗan United:
Baban Khalifa, ka bar yaro, ya fi mu ƙoƙari. Ni shekara nawa na yi ina cika baki a gidan kallo cewa Roy Keane da Robbie Keane wa da ƙani ne. Ashe ko dangin iya ba su haɗa ba. Roy ɗan Cork ne, Robbie ɗan Dublin.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Khalifa bai yi ƙarya ba, gawa biyu ya haɗa a makara ɗaya. Duk abin da ya rubuta ya faru, sai dai ba a kan mutum guda ba.

Na farkon an haife shi ranar 16 ga Oktoba 1890 a wani ƙauye kusa da Clonakilty, yammacin gundumar Cork. Shi ne autan 'ya'ya takwas, kuma mahaifinsa, wanda shi ma Michael ne, ya haura shekara 70 lokacin da aka haife shi. Yana da shekara 6 uban ya rasu. A 1906 ya tafi Landan aikin akawu a bankin ajiya na gidan waya, ya dawo ya shiga boren da aka yi wa Ingila a Dublin lokacin bikin Ista na 1916. Boren bai yi mako guda ba aka murƙushe shi, aka harbe manyan, aka kwashe ƙananan zuwa sansanin Frongoch a Wales. A can ne yaron ya zama abin da ya zama. Turawan sun tara masa duk mutanen da yake buƙata a waje ɗaya, suna ciyar da su, shi kuma yana ɗinka su. Bayan fitowarsa ya zama ministan kuɗi na gwamnatin da 'yan Ayalan suka kafa wa kansu a 1919, kuma shugaban leƙen asirin dakarunsu.

Na biyun, ɗan sama-jannatin, ranar 31 ga Oktoba 1930 aka haife shi a birnin Rum na Italiya, inda mahaifinsa, hafsan sojan Amurka, yake aiki a ofishin jakadanci. Shekara 8 ke nan da binne na farkon.

Maman Walida:
Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A Cork nake aikin jinya yau shekara da shekaru. Idan ka ce Michael Collins a nan, ba wanda zai ɗaga kai ya kalli wata. Nasu suke nufi, kuma dattawa ko sunan ba sa kira, Big Fella suke ce masa, wato Ƙaton. Akwai gunkinsa a tsakiyar Clonakilty, barikin soja na cikin Cork sunansa yake ci, hotonsa na rataye a gidaje da yawa da na shiga.

Abin da zai ba ka mamaki, Baban Khalifa, shi ma na watan jininsa daga nan yake. Kakansa, Jeremiah Collins, daga Dunmanway ya tashi yana yaro ya tafi Amurka a shekarun 1860. Daga Dunmanway zuwa Clonakilty ko sa'a ɗaya ba za ka yi a mota ba. Ke nan kuskuren Khalifa bai yi nisa ba, bai ma fita daga gunduma ba.

Baban Khalifa:
Ikon Allah. To ko dai 'yan'uwa ne, Maman Walida?

Maman Walida:
Yadda Collins yake a yammacin Cork, kamar ka tsaya a kasuwar Kurmi ne ka ƙwala kiran Malam Sani. Ɗan majalisar da ke wakiltar kudu maso yammacin Cork tun 2016 shi ma Michael Collins ne sunansa. Ranar da na fara ganin allon kamfen ɗinsa a jikin falwaya na ɗauka bikin tunawa da marigayin ake yi.

Malamin Tarihi:
Ƙara da Michael Collins na Limerick da ya zauna a majalisa daga 1997 zuwa 2007, da wani marubucin littattafai haifaffen Limerick wanda kuma gwanin gudun famfalaki ne, da wani Bature ɗan Ingila mai busa wata irin sarewa. Ɗan United ma yana da nasa, wanda ya yi wa Huddersfield wasa.

Abin da ya sa sunan ya yi yawa haka abu biyu ne. Na ɗaya, Collins ɗin Ayalan ba sunan Turanci ba ne tun asali. Ó Coileáin ne, sai alƙalamin akawun Ingila ya lanƙwasa shi. Ó na nufin jika ko zuriya, coileán kuwa ɗan kwikwiyo, abin da suke yi wa matashin jarumi kirari da shi. Can a Ingila kuma akwai wani Collins ɗin daban da ya samo asali daga Colin, wato lagabin Nicholas. Rijiya biyu, guga ɗaya. Na biyu, yunwa. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankali, abincin talakansu, shekara bayan shekara. Wajen mutum miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 suka hau jirgin ruwa. Ƙasar da ta haura miliyan 8 a ƙidayar 1841 ta dawo miliyan 6 da rabi a 1851, kuma ficewar ba ta tsaya nan ba. Yau Amurkawa fiye da miliyan 30 ne ke cewa jininsu na Ayalan ne, alhali jamhuriyar kanta 'yan miliyan 5 da ɗoriya ce. Sunaye kaɗan ne suka fita, Murphy, Kelly, Sullivan, Walsh, Collins, suka je suka hayayyafa a Boston da New York da Liverpool da Sydney.

Ɗan Maraɗi:
Malam, sunan zuriya na gane. Amma Michael ɗin hwa? Sunayen yanka sun ƙare musu ne?

Maman Walida:
Ɗan Maraɗi, mu ne za mu yi wa wani wannan gori? Gidanmu Muhammadu biyar ne.

Wata tsohuwa da na yi jinya ta warware mini shi. A da, ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci. Na biyu, kakansa na wajen uwa. Na uku, uban kansa. 'Yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. To idan tsoho Michael yana da 'ya'ya maza shida, kowanne ya haihu, ka samu Michael Collins shida a unguwa ɗaya, duk jikokin mutum guda. Ga shi kuma limamin coci yana son sunan waliyyi ko mala'ika wajen baftisma, Michael ɗin nan ai Mala'ika Mika'ilu ne. Sai Patrick, John, Mary, Bridget, a juya a sake juyawa. Shugabannin ƙasarsu mata biyu da suka bi juna daga 1990 zuwa 2011 duk Mary ne, Robinson da McAleese.

Da tana ba ni labari dariya na yi ta yi, ta ce mene ne. Na ce mu ma haka muke, sai dai mu muna da alkunya. Na gaya mata ba zan iya kiran 'yata da sunanta ba saboda sunan surukata ne, shi ya sa take Walida. Ta riƙe baki. Su ba su da wannan kunyar, yaro zai ci sunan kakansa kuma uwar ta ƙwala masa kira da shi a gaban tsohon.

Hajiya Babba:
Subhanallahi. A gaban surukin?

Maman Walida:
A gabansa, Hajiya, har ta haɗa da zagi idan yaron ya yi ɓarna. Amma suna da nasu hanyar rarrabewa, kuma kamar a gidanmu aka koya musu. Óg shi ne Ƙarami, Mór Babba, Rua Jatau, wato mai jan gashi, Dubh mai baƙin gashi. A ƙauyukan da har yanzu ake yin harshensu, sai a jera sunan mutum da na ubansa da na kakansa, kamar mu ce Audu na Garba na Tanko. Akwai gidan 'yan siyasa a gundumar Kerry da ake kira Healy-Rae. Healy ne kawai a da, Healy suka yi yawa, uban ya liƙa wani yanki na sunan ƙauyensu. Wani ɗan majalisa daga Donegal kuma kowa Pat the Cope yake ce masa, saboda kakansa ya kafa ƙungiyar gama kai ta manoma, lakabin ya bi jika.

Ɗan Maraɗi:
To wannan ai Shehu Shagari ne da Aminu Kano da Sa'adu Zungur. Sunan gari ya zama na mutum.

Sarkin Shakka:
Duk na ji. Amma kuna ta wahalar da yaro a kan tafiyar da ba a yi ba. Wa ya je wata? A wani ɗaki aka shirya fim ɗin nan. Na Ayalan dai na yarda da shi, tunda akwai kabarinsa.

Injiniya:
Na san sai ka fito. Yaya, Tarayyar Sobiyat tana da na'urorin bin diddigin kumbon tun daga tashinsa, kuma ba abin da take so a duniya kamar ta kunyata Amurka. Ba ta ce uffan ba. Madubin da suka ajiye a can har gobe masana na harba masa haske daga nan yana dawowa. Kuma kai da kake Bakano, tambayi dattawan garinku: hukumar NASA ta yi tashar bin sawun kumbo a Kano zamanin shirin Mercury da Gemini, farkon shekarun 1960. Kumbon John Glenn ya yi magana da ita a 1962. Idan fim ne, da mu aka shirya shi.

Bari in koma kan mutumin, don ni a wurina shi ne Michael Collins, Maman Walida ta yi haƙuri. Gidan soja ya fito, uba janar, ƙanin uba kuma shi ne babban hafsan sojan ƙasa na Amurka lokacin yaƙin Koriya. Shi ya sa da ya gama makarantar horar da hafsoshi ta West Point a 1952 ya zaɓi sojan sama, kada a ce alfarma aka yi masa. Tafiyarsa ta farko Gemini 10 ce a Yulin 1966, shi da John Young. Da Apollo 8 zai bi, sai ciwon ƙashin wuya ya kwantar da shi aka yi masa tiyata a 1968, jerin ya sauya, ya faɗo cikin Apollo 11. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Sun tashi 16 ga Yuli 1969. Ranar 20 ga wata Armstrong da Aldrin suka shiga ƙaramin kumbon, Eagle, suka sauka. Shi aka bari a babban, Columbia, yana kewaya wata shi kaɗai fiye da sa'a 21. Kowane zagaye kusan sa'a 2 ne, kuma a cikinsa akwai minti 48 da yake bayan wata, rediyo ta yanke, ba ya jin cibiyar NASA ta Houston, ba ya jin abokansa. Ɗan Adam kaf yana wancan ɓangaren, shi yana wannan. Duniya na kallon Armstrong a talbijin, shi da ya fi kowa kusa bai gani ba, don ba shi da talbijin a ciki.

Baban Khalifa:
Kai, wannan an cuce shi. Ka yi tafiyar kilomita kusan 384,000, ka zo bakin ƙofa, a ce kai ne mai gadin mota.

Injiniya:
Haka 'yan jarida suka yi ta faɗa, wai ba a taɓa yin mai kaɗaici irinsa ba. Shi kuwa har ya tsufa yana musanta wannan, yana cewa daɗi ya ji, ga kofi mai zafi, ga shiru. Abin da ya hana shi barci daban ne. Injin da zai ɗago Eagle daga wata guda ɗaya ne tal, ba na ko-ta-kwana. Idan ya ƙi tashi, aikinsa shi ne ya juya ya dawo gida shi kaɗai ya bar su can. Yana ɗauke da kundi mai hanya 18 na yadda zai kamo su idan sun taso a karkace. Fadar Shugaba Nixon ma ta riga ta rubuta jawabin ta'aziyya ta ajiye. Ka ga mai gadin motar nan, in ba shi ba kowa ba ya komawa gida.

Wani abu kuma da ya sa nake ganin girmansa. Shi ya zana tambarin tafiyar, mikiya riƙe da reshen zaitun, kuma suka yarda kada a sa sunan kowa a jiki. Aka yi masa tayin komawa layi, abin da zai iya kai shi ga jagorantar wata tafiyar ya taka wata da ƙafarsa, ya ce a'a, iyali sun gaji. Ya je ya jagoranci gina gidan tarihin jiragen sama da kumbo na Washington, aka buɗe a 1976. Ya rasu 28 ga Afrilu 2021 yana da shekara 90.

Malamin Tarihi:
Injiniya, mutuminka mutumin kirki ne, ba musu. Amma direba ne da aka ba aiki ya yi shi da kyau. Da bai je ba, da wani ya je, akwai na jiran gado a bayansa. Na Clonakilty fa? Cire shi ka gani ko Ingila za ta zauna teburin sulhu a 1921.

Abin da ya gane, wanda na gabansa ba su gane ba, shi ne ba bindiga ce ke riƙe da Ayalan ba, kunne ne. Yawancin boren da aka shirya a baya, 'yan rahoto ne suka kai labari fadar Dublin, hedikwatar mulkin Ingila a ƙasar, kafin a fara. Sai ya juya abin. Ya dasa nasa mutanen a gidan waya, a jirgin ƙasa, a cikin 'yan sandan ciki kansu. A Afrilun 1919 wani ɗan sanda mai suna Ned Broy ya shigar da shi ofishinsu da dare, ya kwana yana karanta fayil-fayil ɗin da suka tara, har da nasa. Ana nemansa ruwa a jallo, shi kuwa yana yawo a Dublin kan keke da kwat da taye kamar ɗan kasuwa, yana gaisawa da masu shingen bincike.

Hajiya Babba:
Malam, kada ka wanke shi tas. Na ji an ce har gida yake aikawa a kashe mutane a kan gadonsu.

Malamin Tarihi:
Gaskiya ne, Hajiya, ban ɓoye ba, ban iso wurin ba ne. Safiyar Lahadi 21 ga Nuwamba 1920 yaransa suka bi gidaje da otal-otal suka kashe mutum 14, akasarinsu hafsoshin Birtaniya da ake zargi da leƙen asiri, wasu a gaban matansu. Da la'asar jami'an tsaro suka shiga filin Croke Park ana tsakiyar wasa suka buɗe wuta kan 'yan kallo, mutum 14 suka mutu, har da yara da ɗan wasa guda. Hannunsa da jini, kuma bai taɓa cewa babu ba.

Amma abin da ya kashe shi ba yaƙin ba ne, sulhun ne. Éamon de Valera, shugabansu, ya ƙi zuwa Landan da kansa, ya tura Arthur Griffith da Collins. Ranar 6 ga Disamba 1921 suka sa hannu: gundumomi 26 su samu mulkin kai irin na Kanada, 6 na arewa su iya zama da Birtaniya, 'yan majalisa kuma su yi rantsuwar da ta ambaci Sarkin Ingila. Collins ya ce wannan ba cikakken 'yanci ba ne, amma 'yancin neman 'yanci ne. Majalisa ta amince da ƙuri'a 64 da 57. Waɗanda suka sha kaye suka ce an sayar da jamhuriya. Ƙarshen Yunin 1922 abokan jiya suka fara harbin juna, kuma da igwa ta aro daga Ingila sojojin Collins suka yi luguden wuta kan tsofaffin abokansa a ginin kotunan Dublin. Griffith ya faɗi ya mutu 12 ga Agusta. Kwana 10 bayan haka aka yi wa ayarin Collins kwanton ɓauna a Béal na Bláth, cikin gundumarsa ta haihuwa. Na kusa da shi ya ce direba ya taka mota, shi ya ce a tsaya a yi faɗa. Shi kaɗai ya mutu a ayarin. Shekararsa 31, da baikonsa a kansa.

Sarkin Shakka:
To ai masu cewa ya sayar ba su yi ƙarya ba. Shekara 100 ke nan, arewar tana hannun Ingila har yau. An yanka ƙasa biyu da sa hannunsa.

Malamin Tarihi:
An riga an yanka ta tun dokar 1920, majalisar Belfast ta arewar ma ta fara zama kafin ya je Landan zaman sulhun. Kuma ya fi kowa sanin harsashi nawa ya rage musu. Wanda ke riƙe da lissafin rumbu ba ya cika baki irin na wanda ke jiran tuwo. De Valera da ya ƙi yarjejeniyar, shi ne ya shiga wannan majalisar a 1927, ya yi rantsuwar da ya ce ba zai yi ba, ya hau mulki a 1932, ya bi ta hanyar da Collins ya nuna yana warware igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. A 1949 ƙasar ta zama jamhuriya ba tare da gwamnatinta ta sake yaƙi da Ingila ba.

Sarkin Shakka:
Malam, ka faɗi na kudu. Je ka Belfast ka gaya wa ɗan Katolikan da aka bari a can cewa dabara ce. Shekara 30 suka yi cikin tashin bama-bamai kafin sulhun 1998. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Walida:
A nan ina bayan Sarkin Shakka kaɗan, ko da yake ban yafe masa maganar wata ba. Malam, a littafi abin ya fi sauƙi. Akwai gidajen da na shiga a nan waɗanda kakanninsu suna ɓangaren da ya yi kwanton ɓaunar, kuma ba sa jin sun yi abin kunya. Manyan jam'iyyunsu biyu, Fine Gael da Fianna Fáil, daga wannan rigimar suka fito, kuma sai 2020 suka yarda suka kafa gwamnati tare. A 2022, cikar shekara 100, firaminista daga jam'iyyar de Valera ya je Béal na Bláth ya yi jawabi. Sunansa? Micheál Martin, ɗan Cork. Wani Michael ɗin dai.

Ɗan United:
Wallahi ƙasar nan a ba su aron sunaye. Mu tura musu Ɗanlami da Ɗanjuma.

Hajiya Babba:
Ai sun riga mu, su suka kawo mana nasu. Ni a hannun sistocin St. Louis na yi karatu a Kano, matan Ayalan ne, tun 1948 suka zo garin. Ba su taɓa hana mu salla ba, amma ba ka isa ka zo aji da farce mai datti ba. Duk Patrick da Collins da kuke ji a wurin 'yan'uwanmu na kudu da na Filato, yawanci daga limaman Ayalan abin ya samo tushe. Waliyyin da Katolikan Najeriya suka riƙa a matsayin majiɓincin ƙasa tun 1961 shi ne Patrick ɗin nan na Ayalan. Akwai wani Collins mai gyaran janareto a layinmu, sunan yankansa ke nan, ban sani ba ko ya san ɗan kwikwiyo ake ce masa.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, kada ki hwaɗa mishi, sai ya ƙara miki kuɗin gyara.

Ni dai takwara ta taɓa sa ni kuka. Wata shekara na je karɓar kuɗin da ƙanena ya aiko, aka ce an riga an biya. Ashe wani mai sunana da sunan ubana, garinmu ɗaya, shi ya zo da katinsa aka ba shi. Wata biyu ina zarya kahin a gane. Da muka haɗu, mutumin kirki, ya ɗauka nasa ɗan ne ya aiko. Yanzu duk Salla sai mun gaisa.

Injiniya:
Malam, ga wani abu da zai haɗa naka da nawa, na ajiye shi ne sai ka gama. Apollo 11 ta tafi da wani ɗan faifai kamar kwabo, ɗauke da saƙon fatan alheri na shugabannin ƙasashe 73, aka bar shi a kan wata. Wa yake shugaban Ayalan a 1969? De Valera, tsoho tukuf, ido ya kusa tafiya. Saƙonsa na ciki, da harshensu. Wato shekara 47 bayan Béal na Bláth, Michael Collins ne ya tuƙa wasiƙar de Valera zuwa duniyar wata.

Malamin Tarihi:
Kai Injiniya! Shekara 30 ina koyarwa ban taɓa haɗa wannan ba. Kuma ka tuna wanda ya ɗora wa Amurka alkawarin zuwa watan a 1961, John Kennedy, shi ma tattaɓa-kunnen wani ne da ya bar gundumar Wexford a shekarun yunwa. Kada dai Khalifa ya je nemansa a waya, don akwai wani John Kennedy sanata daga Louisiana yanzu haka, kuma ba danginsu ba ne.

Sarkin Shakka:
Idan an je watan ba.

Hajiya Babba:
Kai dai Allah ya shirye ka. Baban Khalifa, me ake ciki da aikin yaro?

Baban Khalifa:
Hajiya, mun zauna da shi bayan Isha'i na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Ya sake aikin, ya fara da Rum, 1930, ya sa minti 48 ɗin Injiniya har da jan layi a ƙasa. Na Ayalan kuma ya ce zai ajiye shi, wai ya fi daɗin labari saboda keken. Yanzu rigimar da muke yi daban ce. Ya gano sunan mahaifina yake ci, ya ce daga yau a daina ce masa Khalifa, shi Óg ne. Uwarsa ta ce idan ya ƙara faɗa sai ta fasa masa baki.

Maman Walida:
Ka ce masa ba Og ba ne kamar ogan kanti, a ja wasalin, Oog. In zai yi, ya yi daidai.